Guntun Harshen Malam Tasi'u

A daren jiya Yahanasu mai turaren wuta ta yi wani mafarki wanda ba kai ba gindi. Ni dai ban ga laifin mafarkin ba, don abin da ta kwanta da shi a zuciya ma bai fi shi tsari ba. Bari in fara faɗa muku da me ta kwanta.

Mijinta, Malam Tasi'u, direban tifa ne, yashi yake ɗebowa daga rafi ya kai wa masu gini a cikin Funtuwa. Mutum ne da magana take yi wa wuya. Idan abinci ya yi daɗi sai ya ƙara, idan bai yi ba sai ya cinye ya tashi. Tun da aka ɗaura musu aure, har 'ya'yansu suka girma suka watse gidajensu, Yahanasu ba ta taɓa jin ya ce mata "na gode" ba. Ita kuwa ko kaza ce ta matsa mata a hanya sai ta gode mata.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana haɗa su faɗa, sigari. Tun yana yaron mota yake sha. Ita kuma sana'arta ta hanci ce. Sai ta wuni tana soya icen sandal da kajiji, ta zuba turare, ta ɗura a kwalabe, mai saye ta zo ta buɗe ta shinshina ta ce, "Yahanasu, wannan kamar da ɗan warin taba." Ran nan wata ƙawarta mai saro kaya daga waje ta nuna mata sigarin lantarki, ɗan abu kamar alƙalami mai ƙiba, ana yi masa caji kamar waya, yana ƙamshin mangwaro. Ta ce mata, "Wannan ba hayaƙi ba ne, tururi ne kawai, irin na tukunyar dambu." Yahanasu ba ta yi shawara da kowa ba. Ita ta saya, ita ta miƙa masa, ita take sa masa caji kullum a gefen wayarta. Ya kuwa bar sigari. Murna ta cika ta, har tana zuga matan unguwa su saya wa nasu mazan.

Aka daɗe a haka. Wata safiya yana shan koko sai ta ji wani wari a ƙarƙashin mangwaron, ɗan kaɗan, kamar na tsumman da bai bushe ba. Ta kama haɓarsa ta ce ya buɗe baki. A gefen harshensa akwai wani gyambo fari-fari, ya ce ai ya daɗe, haƙori ne yake gugarsa. Ta sa shi gaba, ta hana shi sakat, sai da ya bi ta zuwa babban asibiti. Likita ya duba, ya yanki ɗan guntu kamar ƙwayar wake don a auna, ya ɗinke wurin, ya ce su dawo ranar Laraba. Ya kuma ambaci abin da ake tsoro, ciwon daji, a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

A gaban mijin nata ta yi tambayar. "Likita, abin nan da na saya masa ne ya jawo?"

"Hajiya, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba," in ji likita. "Ya daɗe yana shan sigari, ita kuwa an san halinta. Wannan sabon abu ne. An ga abubuwan da ba a so a cikin tururinsa, amma ba a gama sanin ƙarshensa ba. Ku zo mini da shi in gani. Mu jira sakamako."

Tun daga ranar Malam Tasi'u bai ce uffan ba. To, mutumin da da ma ba ya magana, ga kuma ɗinki a harshe, me ake jira ya ce? Amma Yahanasu ba haka ta ɗauka ba. A wurinta shirun nan fushi ne, yana kallonta ne a matsayin wadda ta sa masa ciwo da hannunta, kuma ta kasa tambayarsa don tana tsoron ya gyaɗa kai. Yau ce Laraba. Da wannan ta kwanta jiya.

Sai ga ta a wani gari da rana tsaka, da kaskon turarenta a ka, garwashi na ci amma kanta sanyi ƙalau. Ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tasowa, ya wuce ta gefen kunne ya tafi sama, don haka kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki ya tsaya, lemar tana tafiya da shi. Gidajen garin rufinsu a ƙasa yake, kwano a shimfiɗe, sama a buɗe. Hayaƙi kuwa ba ya tashi. Faɗowa yake yi ya kwanta a tsakar gida, mata su share shi da tsintsiya su kwashe a kwando.

Ba ta yi mamaki ba. Ta san abin da ya kawo ta: ta zo karɓar guntun harshen mijinta kafin a tashi daga aiki.

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwata, sai ta sauke ta a cikin ofis.

Akuya ce a bayan tebur, ja, da tabarau da gyale, tana tuƙa. Babu takarda ko ɗaya a ofishin, don ma'aikata sun cinye su tun da safe.

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe," in ji Yahanasu.

"Yauwa, sannu baiwar Allah. Zauna a kan wancan."

Wancan ɗin tukunya ce a kife. Ta zauna, ta gode.

"Na zo karɓar guntun harshen maigidana ne. Kuma ina da tambaya."

"Harshe yana can gaba. Tambaya nan ce."

"Abin da na saya masa, mai ƙamshin mangwaro, shi ne ya sa masa ciwo?"

"Wataƙila," in ji akuya.

"Wataƙila e, ko wataƙila a'a?"

"Nan Ofishin Wataƙila ne. Ofishin E yana sama, ba a gina matakala ba tukuna. Ofishin A'a yana ƙasa, ba a fara haƙa ba."

"To yaushe za a sani?"

Akuya ta sauko daga kujera, ta kai ta bakin taga. A bayan ofishin wata raƙuma ce kwance a inuwar ɗorawa, cikinta ya yi tulu, tana tauna a natse kamar wadda ba ta da alƙawari da kowa.

"Waccan ita ce Amsa," in ji akuya. "Ciki gare ta."

"Allah Ya sauke ta lafiya. Wata nawa?"

"Nata ba a lissafa shi da wata. Ciwon da kike tsoro ba gudu yake yi ba, rarrafe yake. Sai samarin da suke zuƙar abin nan yanzu sun yi furfura, sannan za ta haihu, mu ga me ta haifa. Uwarta ma haka ta yi mana a kan sigari. Mutane suka yi ta sha suna cewa ai ba a tabbatar ba, ai ba a tabbatar ba."

"Me uwar ta haifa?"

"Kin san abin da ta haifa," in ji akuya, ta kama gefen nata gyalen ta ci.

Yahanasu mace ce, ta san nauyin ciki. Ta sauke kasko, ta barbaɗa ɗan turare, hayaƙin ya gangara ta taga ya je ya kwanta a ƙafafun raƙumar, ita kuma ta lumshe ido. A ranta ta ji ta gode wa akuyar nan ƙwarai. Tun da abin ya faru kowa tabbaci yake ba ta: ƙawarta ta rantse tururi ne, ƙanwar mijinta ta rantse guba ce. Ban da likita, wannan ce kaɗai ta ce ba ta sani ba, kuma ta faɗa ba tare da jin kunya ba.

"Na gode, ranki ya daɗe," ta ce.

"Da me? Ban ba ki komai ba."

"Ba ki yi mini ƙarya ba."

Akuya ta gyara tabarau, ta nuna mata ƙofar baya da ƙaho.

Ƙofar baya ta buɗe a kan wata majalisa. Fararen ɓeraye ne, tsofaffi, sun jeru a kan benci suna shan iska, irin zaman waɗanda suka yi ritaya. Ta yi musu sallama suka amsa gaba ɗaya. Babbarsu, wata mai kunne ɗaya, ta kalli Yahanasu ta ɗaga hanci.

"Mangwaro," ta ce. "A gidanku ana shan mangwaro."

"Ya aka yi kika sani?"

"Mu aka fara ba. A ɗakin bincike. Aka sa mu a akwatin gilashi aka yi ta busa mana, safe da yamma. Mangwaro, abarba, na'ana'a. Ba wanda ya tambaye mu wanne muka fi so."

"Me ya same ku?"

"Wasunmu sun kamu. Wasunmu ga mu nan."

Yahanasu ta ce, "Ashe dai yana jawowa."

"A jikin ɓera," in ji mai kunne ɗaya. "Mijinki ɓera ne?"

Yahanasu ta tsaya ta yi tunani sosai, don ba ta son ta faɗi abin da ba daidai ba. "A'a. Direban tifa ne."

"To kin gani. Mu dai abin da muka gani a jikinmu muka faɗa. Da ni ce ke, ba zan jira raƙuma ta haihu kafin in daina sa masa caji ba. Amma ni ɓera ce, kuma ba a tambaye ni ba."

Sai Yahanasu ta durƙusa har ƙasa, ruwa yana tasowa ta tsakanin yatsunta. "Allah Ya saka muku da alheri," ta ce. "Kun shaƙi abin da ba ku saya ba don mu mu sani. Ni kuwa ga ni nan, shekara da shekaru ina ɗana wa 'yan uwanku tarko a ɗakin kayana."

Wani ɗan tsoho a ƙarshen benci ya juya baya yana goge ido da wutsiya.

"Tun da muka fara aikin nan ba wanda ya taɓa ce mana sannu," in ji mai kunne ɗaya. "Maganar tarko kuma ki bar ta, waɗancan ɓarayi ne, ba su yi boko ba. Tashi ki bi garken mijinki, yanzu za su dawo daga kiwo."

Nan take la'asar ta yi.

A garin nan, duk hayaƙin da mutum ya taɓa busawa ba ya ɓacewa. Kiwonsa ake yi, da yamma ya dawo gida wurin mai shi. Yahanasu tana tsaye a bakin burtali sai ga garken Malam Tasi'u tafe. Baƙaƙen raguna ne, manya, masu ƙaho a murɗe, suna wucewa suna wucewa ba su ƙarewa. Na gaba-gaba sun tsufa har suna ɗingishi, tun na zamanin yana yaron mota ne. Ta gane warinsu, shi ne wanda ya yi ta shiga mata kwalabe. Can a ƙarshe sai ga wasu 'yan ƙanana farare, masu laushi, ba tumaki ba, ba awaki ba, suna tsalle-tsalle suna ƙamshin mangwaro.

Balbela ce take kiwon, da sanda a ƙarƙashin fiffike.

"Sannu da kiwo," in ji Yahanasu.

"Yauwa. Ke ce matar mai garken? Zo ki ga ɓarna."

Ta bi ta har bakin wata 'yar gona, ja, mai danshi, mai laushi a ƙafa. A gefe ɗaya an cinye wani wuri ya yi fari.

"Wanne ne ya ci nan?" in ji Yahanasu.

"Duk sun shiga. Baƙaƙen nan an san su, sun cinye gonakin mutane ba iyaka. Fararen kuwa na ga suna lasa. Ko suna cizo, ban sani ba, haƙoransu ba su gama fitowa ba."

"Ba ki ga lokacin da aka ci ba?"

"Ni ɗaya ce, su kuwa kin ga yawansu."

Suna cikin haka sai ɗaya daga cikin fararen ya rabu da 'yan uwansa, ya zo yana goga kai a zanin Yahanasu. Ya ɗaga ido ya ce, "Inna."

"Sun san ki," in ji balbela. "Ke kika kawo su."

Wannan kalma ta soke ta fiye da duk abin da likita ya faɗa. Ta fashe da kuka, hawayen suka bi ruwa suka tafi sama, ko kumatunta ba su jiƙa ba. Abin tausayi, mutum ya yi kuka ya rasa ma abin sharewa.

"Don ya huta na kawo ku," ta ce wa ɗan farin. "Wallahi don ya huta ne."

"Mu ba mu san don me ba," in ji shi. "Mu dai an sa mana caji."

"Wanda ya shiga ya riga ya shiga," in ji balbela. "Amma gonar tana da ƙofa, in kina so."

Yahanasu ta duba, sai ga ƙofar kara a buɗe tana lilo. Ta kora ɗan farin waje a hankali, don ba ta iya dukan abin da ya kira ta Inna ba. Ta ja ƙofar, ta cire gyalenta ta ɗaure ta da shi tam. Ta gode wa balbela. Balbela ta ce ba komai, ta hau bayan wani rago suka wuce.

Da ta juya sai ga ta a wani ɗaki mai haske, ƙasansa gilashi. A tsakiya guntun harshen Malam Tasi'u ne zaune, an rina shi ruwan hoda da shuɗi kamar za a kai shi biki. Can sama, inda babu rufi, wani ƙaton ido ne a rufe yana barci.

"Ke," in ji guntun.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka, da wannan muryar. Ta sauke kasko ta rusuna. "Na'am, Malam."

"Ni ba Malam ba ne, gefensa ne. Zauna."

Ta zauna a kan gilashin. "An yi maka kwalliya."

"Don a gan ni da kyau ne. Haka ake yi wa kowa a nan."

"To lafiyarka ƙalau, ko akwai wani abu?"

"Ban sani ba. Sai wancan ya farka ya dube ni." Ya nuna idon da ke sama. "Ni kaina jira nake yi."

Sannan ta yi tambayar da ta kasa yi a gida. "To faɗa mini abu ɗaya, don Allah. Fushi yake yi da ni?"

Guntun ya yi dariya, irin wadda ba ta taɓa jin Malam Tasi'u ya yi ba.

"Kin san ko ni mene ne? Kowane harshe yana da lungun da ake ajiye maganar da aka yi niyya ba a faɗa ba. Ni ne lungun. Likita bai sani ba, rumbu guda ya yanko."

"Me ke ciki?"

"Abu ɗaya ne. An dai yi ta tarawa."

Sai ya buɗe, suka fara fitowa. "Na gode" ce, ɗaya bayan ɗaya, kowace da muryarta. Ta farko siririya ce, ta saurayi mai kunya, ta ranar da aka kawo ta gidan ta tarar da ɗaki ba ƙofa, ta rataya zaninta a wurin ba ta ce komai ba. Wata ta fito a jiƙe sharkaf, ta daminar da tifa ta kafe a rafi, ta bi shi da tuwo har bakin ruwa. Wata ta fito a hankali, da ƙyar ake jin ta, ta lokacin da mahaifiyarsa take kwance, Yahanasu tana yi mata wanka tana juya ta. Akwai ta maɓallin riga. Akwai ta miyar kuka, waɗannan da yawa. Akwai wadda ta ƙi fitowa sai da aka tura ta, ta ranar da suka rasa ɗansu na fari, ta same shi yana kuka a bayan mota, ta koma gida ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Suka cika ɗakin. Da yake a garin nan abu mai ƙamshi ƙasa yake yi, sai suka kwanta kewaye da ita har suka kai mata gwiwa.

"Wannan fa?" ta ce, tana nuna wata mai ƙamshin mangwaro.

"Ta ranar da kika miƙa masa abin ce. Kin ce don kwalabenki ne. Shi kuwa ya sha ganinki da asuba kin kasa kunne kina sauraron tarinsa. Ya san don wa kika saya."

"Amma in shi ne ya jawo fa?"

"In shi ne, shi ne. In ragunan can ne, su ne. Shi ya kiwata su da bakinsa, ba ke ba. Hannun da ya miƙa masa abin, da hancin da ya kamo ni, duk na mutum ɗaya ne, kuma ya sani. Da kin ƙyale shi, da yana nan yana cewa haƙori ne har sai abin ya fi ƙarfin wuƙar likita. Ga tata nan."

Ta ƙarshe ta fito, ta fi duka girma, sai da ta sunkuya kafin ta wuce. Ta safiyar da ta kama haɓarsa ce.

"To me ya hana shi faɗa?" in ji Yahanasu.

"Wannan kam ya yi niyya. A asibiti, yana kwance, har ya buɗe baki. Sai likita ya ce ya miƙo harshe."

Ta yi dariya tana kuka, duka biyun suka tafi sama. Ba ta taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma ba ta taɓa jin haushin mutum irin wannan ba. Shekaru nawa tana zaune da mai rumbu a baki, tana tsammanin fayau yake.

Ta kwance bakin zaninta. "Taso in ƙulle ka, mu je gida."

"Ba a mayar da mu. Aikina a nan yake, sai an dube ni."

"To yanzu da aka yanke ka, ina zai riƙa ajiyewa?"

"Babu wurin ajiya kuma. Dole ta riƙa fita ta wani wuri." Guntun ya gyara zama a kan gilashin. "Ki daina kallon bakinsa."

Can sama idon ya motsa. Yahanasu ta ɗaga kai. Yanzu zai buɗe, yanzu zai duba, yanzu za a ji. Ta so ta gudu, ta so ta tsaya. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Alhamdu lillahi, ko mene ne dai mun zo da wuri." Fatar idon ta fara kaɗawa, tana son buɗewa tana komawa, fat, fat, fat. Iska ta taso daga gare ta. Fat, fat, fat.

Mafici ne.

Ta buɗe ido, gari ya fara wayewa, ta kusa makara salla. Ƙarar daga tsakar gida take zuwa. Ta duba gefen gado, wayarta ce kaɗai a jikin caji.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Malam Tasi'u ne tsugunne a gaban murhunta, cikin fararen kayan da ta goge masa don zuwa asibiti, yana fifita gawayi. Mutumin da tun da take da shi bai taɓa hura wuta ba. Ta ɓangaren iska ya zauna, don haka duk tokar a jikinsa take sauka, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗora mata ruwan wanka. Ya ɗebi garwashi ya zuba a kaskonta ya ajiye a gefe, ya rasa me ake yi daga nan. A kan turmi ga ɗaya daga cikin kwalabenta na turare, an wanke ta, an sa sigarin lantarkin a ciki, an murɗe murfin tam, a kai wa likita.

Ya ɗago ya gan ta. Ta zo ta durƙusa kusa da shi.

"Malam," ta ce, "abin nan ni ce na..."

Ya girgiza kai. Ya ajiye mafici, ya miƙo yatsa ɗaya, baƙi ƙirin da gawayi, ya ɗora a kan hancinta. Ya bar shi a nan ɗan lokaci. Bakinsa ya motsa, ɗinkin ya hana, ita kuwa ko kallon bakin ba ta yi ba.

"Na ji, Malam," ta ce. "Duka na ji."

Bai san me take nufi da duka ba, bai kuma tambaya ba. Ya ɗauki maficinsa ya ci gaba da watsa wa kansa toka.

Ba su san abin da likita zai faɗa musu yau ba, raƙumar nan kuma tana can ba ta haihu ba. Amma bayan ta yi alwala ta yi wanka ta shirya, sai da ta koma gaban murhu ta sa shi ya mayar mata da baƙin gawayin a hanci. Don haka duk wanda ya ga Yahanasu a tasha da safen nan, da kwalba a hannu, da mijinta a gefe, da ɗigon gawayi a kan hanci, kada ya ce mata ta goge. Ta san yana nan.